Gurbi Ɗaya, Masu Jifa Uku

Ku matso in ba ku labarin da har yau in na tuna raina yakan ɓaci, kuma ba mai tashi sai ya yanke hukunci.

A garinmu an taɓa yin ƙungiyar besbol, wasan nan da Malam Ashiru ya koyo a ƙasar waje ya zo ya cusa wa samari. Mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, abokin hamayya ya maka mata sanda ya ruga. In ya zagaye kusurwa huɗu ya dawo gida, an ci maki ɗaya. Ana auna gwanintar mai jifa da matsakaicin makin da aka ci shi, mai ƙarami shi ne gwani. Sai dai dokar tana da wata mugunta: duk wanda ka bari ya hau kusurwa yana wuyanka, ko da bayan ka fita ne ya ƙarasa gida a hannun wani.

A shekarar da nake faɗa, hukumar wasanni ta ce za ta tura mai jifa ɗaya horo waje, wanda awonsa ya fi kyau, muddin ya yi jifa daidai adadin da aka ƙayyade. Malam Ashiru, mai horar da ƙungiyar, shi zai tura suna. Mu kuwa muna da uku: Haladu, Lurwanu da Zayyanu.

Haladu shi ne jakin ƙungiya. Kowane wasa shi ke farawa, ya yi ta jifa cikin rana har kafaɗarsa ta kumbura, uwarsa na gasa masa da ruwan zafi tana faɗa. Ba don shi ba, da ba mu kai wasan ƙarshe ba.

Lurwanu ya fi su hannu, awonsa babu kamarsa. Ana cikin haka mai tare ƙwallo, wanda ke tsugunawa bayan mai sanda, ya karye a yatsa, kuma babu mai iya tare jifar sauran biyun sai Lurwanu. Malam ya roƙe shi, ya ajiye jifa ya tsuguna har ƙarshen kakar wasa. Jifarsa ta gaza adadin da ake nema, aka cire sunansa. Ya san haka za ta faru tun ranar da ya amsa.

Zayyanu kuwa ba a kiransa sai wasa ya rincaɓe. Ranar ƙarshe muna gaba da maki uku, hannun Haladu ya mutu a zagayen ƙarshe, ya fita ya bar mutum biyu a kusurwa. Zayyanu ya shiga. Bai ko waiwayi mutanen nan ba, ya bar su suka shige gida, sannan ya fitar da masu sandan da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Muka ɗauki kofi da maki ɗaya tal. Amma makin nan biyu a wuyan Haladu aka rataya su, kuma su ne suka sa awon Zayyanu ya fi nasa kyau.

Haladu ya tare shi a gaban jama'a, hannu a saɓule, ya ce, "Da naka ne, da ka bar su sun wuce?"

Zayyanu ya ce, "Wasa aka kira ni in ceta, ba lissafinka ba."

Wasu suka ce dabara ce, da ya tsaya gadin mutum biyun da an cinye mu. Wasu suka ce ganganci ne. Lurwanu dai ya kwance kayan tare ƙwallo ya tafi gida, ba wanda ya bi shi da ko sannu.

Malam Ashiru ya kasa tura suna. Yau a zauna, gobe a tashi baram-baram, har wa'adi ya wuce aka ba wani gari gurbin. Ƙungiya ta watse, filin ma yanzu an shuka masa rogo. Haladu har yau ba ya iya ɗaga hannun dama ya gyara hularsa, kuma su ukun ko a jana'iza suka haɗu kowa gefensa yake tsayawa.

To, ku da kuke da bakin magana, da ku ne Malam Ashiru, wa za ku tura: wanda ya ba da kafaɗarsa, ko wanda ya ba da sunansa, ko wanda ya kawo kofi kuma doka ta tsaya masa?