Ribar da Ba Ta Shiga Akwati Ba

An yi wani sarki a Birnin Ƙirya, ana ce masa Mamuda ɗan Zailani. Mutum ne mai son a kira shi adali, kuma a gaskiya ba mugu ba ne, sai dai Allah ya jarrabe shi da gaskata duk abin da ya gani a rubuce. In ka zo masa da magana a baki, da rabin kunne zai saurare ka. In kuwa ka kawo ta cikin tawada, ko da ƙarya ce tsagwaronta, to ta zama hujjar da ba a musu da ita.

Wazirinsa wani tsoho ne mai suna Ukashatu, wanda ya yi wa mahaifin Sarki hidima shekara talatin, ya kuma kai shekarun da mutum ke gajiya da maimaita magana ɗaya. Abin da ya fi ƙona masa rai a duniya shi ne Ma'aji Sambo, mai tsaron baitulmali, wanda ya ƙirƙiro wata sabuwar doka: kowane gidan fatauci ya kawo littafin lissafinsa a ƙarshen shekara, a duba abin da ya saya, da abin da ya sayar, da ribar da ta rage, sannan a cire ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, a kai baitulmali. Sau uku Waziri yana cewa dokar nan tana da rami a tsakiyarta, sau uku ana ce masa tsufa ne.

To, a birnin nan akwai wani attajiri, Madugu Jatau, shugaban wata haɗakar fatauci ta gidaje arba'in. Kowane gida ya zuba jarinsa, har da zawarawa da masu riƙon marayu, Madugu yana juya dukiyar a goro da gishiri da tufafi, ƙarshen shekara a raba riba gwargwadon abin da kowa ya sa. A wannan shekara littafinsa ya nuna ribar wuri zambar ɗari tara, wato dubu ɗari tara, Ma'aji ya yanka masa harajin dubu casa'in. Da dogarai suka buɗe akwatin gidan, dubu goma sha ɗaya suka samu, sai ƙura.

Aka gurfanar da Madugu a fada. Ma'aji ya ɗaga littafin sama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ga hannunsa, ga tawadarsa. Mutumin da ya rubuta wa kansa wannan riba, sannan ya nuna mana akwati wofi, ai ya binne dukiya ne don ya ha'inci baitulmali."

Sarki ya dubi Madugu ya ce, "Me za ka ce?"

Madugu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, littafi bai yi ƙarya ba, akwati ma bai yi ƙarya ba." Daga nan bai ƙara ko kalma ba, duk da tsawar da dogarai suka yi ta daka masa.

Ran Sarki ya ɓaci. Ya juya ga Waziri ya ce, "Kai da kullum kake kushe dokar nan, ga mas'ala na ba ka. Ta yaya gida zai zama mawadaci a takarda, matsiyaci a akwati, ba tare da ha'inci ba? Kwana bakwai na ba ka. In ba ka zo da hujja ba, Madugu zai dawwama a gidan yari, a yi gwanjon kayan haɗakar, a biya baitulmali." Waziri ya san abin da gwanjo ke nufi: jarin gidaje arba'in zai tafi a banza, kamar gishirin da ruwan sama ya doka.

Ya ɗauki littafin, wanda takardu ne warwatse a cikin gafaka, ya zauna a zaurensa kwana uku yana bi ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki. Abin da ya gani ya sa shi ajiye carbi ya riƙe kai. Kai mai karatu, ka san cewa a garin nan akwai wata al'ada tun kaka da kakanni: bafade zai shiga rumfar ɗan kasuwa, ya nuna kaya ya ce, "Fada ta gani, ta yaba," sai a ɗora masa a kai ya tafi. Magatakardan gidan kuwa ba shi da ikon rubuta cewa an ƙwace, don wannan zagin sarauta ne. Sai ya rubuta "an sayar", ya sa farashi, ya lissafa riba. Kuma ba a taɓa jin wanda ya buɗe baki ya ce yana bin fada bashi ba. Saboda haka duk lokacin da fada ta ƙara ɗiba, ribar takarda sai ta ƙara kumbura, haraji ya ƙara nauyi, akwati ya ƙara sauƙi.

Waziri ya tafi gidan yari ya sami Madugu, ya ce cikin fushi, "Haba Madugu! Zambar ɗari takwas na ribar nan tana hannun fada da fadawa, ka tsaya a gaban Sarki kana yi mana karin magana? Bakinka ciwo yake yi?"

Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, in na yi shiru, ni kaɗai za a ɗaure. In na ce Sarki ya ci bashi a gaban jama'a, wa zai saura a gidana? Kai ma da ka karanta, ka kai takarda ta sittin da biyu?"

Waziri bai kai ba. Da ya koma gida ya lalubo ta, sai ga shi ɓaro-ɓaro: "Gidan Waziri, goro da turamen zane na sunan jika, dubu goma sha biyu." Baransa ne ya je ya ce fada ta yaba, shi kuwa ya ci goron, ya raba zannuwan, ya sha godiya, bai taɓa tambayar wa ya biya ba. Kunya ta rufe shi, haushin kansa ya fi na Ma'aji. Ashe gaskiyar masu magana ne, laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Ranar bakwai majalisa ta cika, aka kawo Madugu a ɗaure. Waziri ya gaida Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kafin in amsa mas'ala, ina roƙon izini in biya wa Madugu harajinsa, dubu casa'in cif, a gaban jama'a."

Sarki ya ba da izini. Ma'aji ya gyara zama, ya sa aka shimfiɗa tabarmar ƙirga wuri. Waziri ya zaro takardu uku daga gafaka ya ajiye a kanta.

Ma'aji ya ce, "Mene ne wannan, Waziri?"

"Haraji ne. Bashi ne da haɗakar ke bin mutane uku masu daraja, jimlarsa dubu casa'in. Ka karɓa, ka rubuta an biya."

Ma'aji ya yi dariya ya ce, "Allah ya gafarta Waziri, baitulmali ba ya karɓar takarda. Da takarda zan ciyar da dogarai, ko da ita zan gyara ganuwa? Sai abin da ya shigo hannu shi ne kuɗi."

Waziri ya miƙe tsaye ya ce, "Alhamdu lillahi da ka faɗa da bakinka! In takarda ba kuɗi ba ce a lokacin da za ka karɓa, ta yaya ta zama kuɗi a lokacin da za ka yanka haraji? Mudu ɗaya kake awo da shi in za ka ɗiba, wani daban in za a ba ka?"

Sarki ya ce, "Su wane ne masu darajar nan da suka riƙe dukiyar mutane? A karanta sunayensu."

Waziri ya ɗauki ta farko ya ce, "Wannan tawa ce, dubu goma sha biyu. Na ci, ban biya ba, ban ma san ana bina ba, kuma rashin sanin nan shi ne babban laifina." Ya yi ishara, bayinsa suka shigo da buhunan wuri suka zube a gaban Madugu. Ya ɗauki ta biyu: "Wannan ta Ma'aji ce, dubu ashirin da takwas." Ma'aji ya shiga gyaran rawanin da bai kwance ba. Ta ukun kuwa Waziri bai karanta ba, ya durƙusa ya miƙa wa Sarki da hannu biyu, ya ce, "Wannan, Zaki, ba ta da mai karanta ta sai mai ita. Akwai 'yan'uwanta da yawa a cikin gafaka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Sarki ya daɗe yana duban takardar, mutumin da bai taɓa ƙaryata tawada ba. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ashe ni ne ramin da Madugu ya binne dukiyarsa a ciki, kuma ni na sa a ɗaure shi don ya ƙi tona ni." Ya umarta a kwance Madugu nan take, a biya haɗakar duk abin da take bin fada kafin a karɓi wuri ɗaya na haraji. Ya kuma yi doka cewa daga ranar kowane littafi ya raba abin da ya shigo akwati da abin da ke bakin mutane, a ɗora haraji a kan na farko kaɗai, kuma duk bafaden da ya yaba kaya, ya yaba da kuɗi a hannu.

Madugu ya faɗi ya yi gaisuwa, hawaye na zuba, ya fita ya tarar da zawarawan haɗakar a ƙofar fada suna jiran labarin jarinsu. Waziri kuwa Sarki ya ba shi alkyabba da gona, ya kuma ɗora masa duba littattafan baitulmali kowace shekara, Ma'aji yana tsaye yana buɗe masa takardu.

Masu hikima suka ce: sarkin da zai auna dukiyar talakawansa, ya fara sauke tasu da ke kansa, domin adalci ba ya zama a gidan da mai karɓa ya manta shi ma ana binsa.