Bangon da Inna Take Bugawa

Akwai wani manomin tumatir a wani ƙauye tsakanin Kura da Kadawa, sunansa Surajo. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugun mutum ba ne. Ciwonsa ɗaya ne: in ya ga abu a hannun sa'ansa, ba ya samun sukuni sai ya mallaki wanda ya fi shi.

Mahaifiyarsa, Inna Zuliha, a gidansa take zaune. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, muryarta kuma ta koma raɗa. In ba ka kai kunne bakinta ba, ba za ka ji abin da take faɗa ba.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da falon Surajo, sai gidan ya samo dabara. Aka jingina gadonta da bangon, aka ajiye mata ƙaramar muciya a gefen matashi. Bugu ɗaya, ruwa take so. Bugu biyu, a zo a juya ta. Bugu uku a jere kuwa, ba lafiya, a saki komai a zo.

Da wannan muciyar Inna ta yi shekara biyu tana magana da ɗanta, kuma gaskiya bai taɓa bari ta maimaita kira a kan buƙata ɗaya ba.

A ranin shekarar 2006 tumatir ya yi daraja. Manyan motocin kudu suka yi layi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, Surajo ya kwashe gonarsa ta bakin kanal ya samu alherin da bai taɓa gani ba.

Yana da wani aboki tun na ƙuruciya, Ibrahimu dillalin tumatir, mutum mai baki kamar reza. Wata rana Ibrahimu ya zo falon Surajo, ya saurari rediyonsa mai cin sidi uku da sifika biyu, ya taɓe baki ya ce sautin kamar ana buga gwangwanin madara. Ya ce shi nasa, in ya kunna wufa, masu ban ruwa a gona ma sai sun san ya dawo gida.

Maganar nan ta tsaya wa Surajo a wuya. Kwana uku bayan haka ya shiga Kano, kasuwar Sabon Gari, ya dawo da wani baƙin akwati mai nauyin buhun taki.

Ga wanda bai sani ba, wufa ita ce sifikar da take fitar da ƙasan sauti, wannan dum-dum ɗin da kake ji a ƙirji kafin ka ji a kunne. Irin wadda Surajo ya sayo tana da nata injin a ciki da tata wayar wuta, haɗa ta kawai ake yi da rediyon.

Haɗawar ce ta gagare shi. Ya juya bayanta ya ga ramuka da maɓallai, ya juya bayan rediyon ya ga wasu ramukan, kansa ya ɗaure. Ba don yana so ba ya aika aka kira maƙwabcinsa Malam Dalhatu, mai gyaran rediyo a kasuwar Kura. Dattijo ne siriri marar hayaniya, gidansa na jingine da ɗaya bangon ɗakin Inna.

Ranar Asabar ce. Matar Surajo, Sa'adiya, ta shirya za ta suna Bunkure. Ta tsaya bakin falo da mayafinta ta ce masa, "Maigida, Inna na hannunka har la'asar. Na ba ta kunu, na gyara mata kwanciya. Ka dai kasa kunne."

Ya ce ya ji, idonsa na kan akwatin.

Malam Dalhatu ya iske Surajo na shirin cusa wayar wufar a soket. Ya riƙe masa hannu, ya nuna masa wani ɗan jan maɓalli a bayanta. Kayan na hannu ne daga ƙasar waje, an saita shi a kan irin wutarsu mai rauni. Da an jona shi haka, da hayaƙi kawai zai tashi. Ya sa tsinken sukurdireba ya tura maɓallin zuwa irin tamu wutar.

Ko godiya Surajo bai yi ba, cewa ya yi ai shi ma ya lura.

Dattijon ya ci gaba da aikinsa. Ya ciro waya mai kai biyu, ja da fari, ya jona daga bayan rediyon zuwa bayan wufar, ja a ramin ja, fari a ramin fari. Ya ajiye akwatin a gaba kusa da sifikun biyu, ya bar tazarar kamu biyu tsakaninsa da bango. Maɓallin ƙarfi ya tsayar da shi ƙasa da rabi. Ɗaya maɓallin, mai zaɓar zurfin sautin da za ta ɗauka, ya riƙa murɗa shi a hankali yana karkata kai, har kiɗan ya cika ɗakin ba tare da ka gane daga ina nauyinsa yake fitowa ba.

Ya ce haka ake so. Wufa mai kyau ba a jin ta ita kaɗai, a cikin kiɗan take ɓuya.

Ana cikin haka Ibrahimu ya yi sallama da wasu abokansu biyu. Ya tsaya ya saurara, sai ya kwashe da dariya, ya tambaya ko an kunna ta ne ko tukuna. Ya ce shi tasa a kusurwa ya matse ta, domin kusurwa ce take ninka ƙarar.

A nan bai yi ƙarya ba. Sai dai kusurwar da ta rage babu kujera a falon Surajo ita ce ta bangon Inna.

Surajo ya sunkuya ya ja akwatin ya kai shi can, ya manna shi da bango, ya murɗe maɓallin ƙarfi har ƙarshe. Gilasan taga suka fara karkarwa. Kalandar da ke rataye ta shiga rawa a kan ƙusarta.

Malam Dalhatu ya ɗora tafin hannunsa a jikin bangon, ya ɗan jima, sannan ya rage sautin da kansa.

"Surajo, wannan bangon ba naka ba ne, na Inna ne. Bugun wufar nan da bugun muciyarta duk ta cikinsa za su biyo. In ta kira ba za ka bambance ba."

Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya ji. Amma Ibrahimu na tsaye yana murmushi, kuma wannan murmushin Surajo yake kallo.

"Malam, haɗawa na ce ka yi, kuma ka haɗa," in ji shi. "Uwata ce, na fi ka sanin bugunta. Kai da ka ƙare rayuwarka a kan rediyo mai batir, me ka sani a kan irin wannan kaya?"

Abokan suka yi dariya. Malam Dalhatu ya tattara kayan aikinsa a jaka, ya ce Allah ya sanya alheri, ya fita. Wallahi ko ni da nake ba ku labarin nan, wannan fitar tana yi mini ciwo.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, Surajo ya tayar da janareta a tsakar gida, ƙara ta haɗu da ƙara. Aka kawo rake aka baje a kan tabarma. Ana cire wannan sidi ana saka wancan. Ibrahimu da bakinsa ya amsa cewa wannan ta fi tasa, kuma Surajo ya ji daɗin da rabonsa da jin irinsa tun ranar da ya kwashe tumatir.

Sau ɗaya ya ji wani abu a cikin kiɗan, wani ƙwas-ƙwas da bai dace da gangar ba. Ya ɗago kai ya dubi kusurwar. Ibrahimu ya ce sabuwar wufa haka take, sai ta ɗan yi aiki take buɗe murya. Surajo ya koma kan rakensa.

Ana gab da kiran la'asar janareta ya mutu. Kafin Surajo ya miƙe, Malam Dalhatu ya faɗo falon ba sallama, ba hula, ba takalmi. Shi ya kashe injin.

Surajo ya buɗe baki zai zazzaga masa, dattijon ya ɗaga yatsa ɗaya. Ɗakin ya yi tsit.

Sai ga shi daga cikin bangon, can ƙasa kusa da daɓe. Bugu uku, marasa ƙarfi. Aka ɗan yi shiru. Wasu ukun suka biyo.

A ƙasa suka same ta. Girgizar bangon ce ta dame ta, ta yi ƙoƙarin matsawa da hannu ɗaya, ta zamo daga gadon ta faɗi a kan ƙugunta. Muciyar na hannunta. Inda take bugawa yaɓen ya zube, ya yi rami kamar tafin hannu, jar ƙasa ta zubo mata a gashi da fuska. Kunun da Sa'adiya ta ajiye ya kife a jikin zaninta, har ya bushe.

Daga baya Malam Dalhatu ya ce yana zaune a zaurensa yana gyara ya riƙa jin wani bugu da ba ya tafiya da kiɗan. Da farko ya ɗauka wufar ce ta fara yagewa. Da aka canja waƙa bugun bai canja ba, uku-uku, sai ya watsar da abin hannunsa ya fito a guje.

Inna ba ta yi kuka ba lokacin da Surajo ya ɗaga ta. Kallonsa kawai ta yi, ya ji da ma zaginsa ta yi.

A asibiti a Kano aka ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma a shekarunta da irin lalurarta ba lalle ya haɗe ba. Bai haɗe ba. Da can ana zaunar da ita ta jingina ta ga tsakar gida, yanzu ko wannan ya ƙare.

Wata guda suka yi kafin su dawo. Tun kafin nan Surajo ya cire wufar ya jefa ta ɗakin ajiya tare da buhunan taki. Ya sa aka yaɓe ramin bangon, aka shafe shi da farar ƙasa. Ya gyara gadon a inda yake, ya wanke muciyar ya ajiye ta gefen matashi. Da aka shigo da ita ya durƙusa yana hawaye ya roƙe ta gafara.

Ta ce ta yafe. Sannan ta yi masa alama ya matso, ya kai kunnensa bakinta.

"Ku mayar min da gadon wancan bangon," ta ce. "Can ana ji."

Wancan bangon shi ne na gidan Malam Dalhatu.

Sa'adiya ta sunkuyar da kai. Surajo ya kama ƙafar gadon da hannunsa, shi da maƙwabcin da ya wulakanta suka ja shi zuwa ɗaya gefen.

Wata bakwai Inna ta ƙara a duniya. A cikinsu ba ta sake buga bangon ɗanta ba ko sau ɗaya. Falon ya koma shiru, ko labarai Surajo ya daina kunnawa. Yakan zauna a kusurwar nan yana kasa kunne, ba abin da yake ji. Can sai ya ji sallama a ƙofar gida, Malam Dalhatu ne ko matarsa Binta, a ce da shi, "Surajo, Inna na kira."

Har ta rasu, daga bakin maƙwabci yake jin cewa mahaifiyarsa tana nemansa.

Darasi: Wanda ya san aiki in ya ce maka kada ka yi, ka saurare shi ko da tufarsa ba ta kai taka ba, kuma kada dariyar abokai ta sa ka toshe kunnenka daga mai rauni da ya dogara da kai. Ana iya yafe maka, amma amanar da ka zubar ta koma hannun wani. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda Allah ya bar musu iyaye a raye.