Tsakuwa a Ledar Inna Baturiya

Kamaluddeen ɗan Inna Baturiya ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba. Cutarsa ɗaya ce, bakinsa ba ya iya cewa "ba zan iya ba". Ko rijiya ka ce ya ɗauko maka, zai ce ka ba shi zuwa Laraba. Ni Mudi tare muka taso da shi a Tudun Wada. Shi ya gama sakandare, ni na ajiye a aji biyu, don na ga malaman ba su da sauran abin da za su ƙara mini. Daga nan har Kwanar Dangora ba a yi wanda ya taɓa yi mini wayo ba. Amma wannan labari ba na jin daɗin ba da shi, saboda da hannuna a ciki.

Inna Baturiya ta shekara talatin tana turara shinkafa. Ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji, sannan ta zauna da mata shida a tsakar gida su tsince ta a faifai. Wanda ya sayi kwanonta ba ya tauna tuwo da tsoro.

Wata shekara wani kamfanin manyan kantuna ya shigo yankinmu, irin kantunan da mutum yake tura kwando mai taya yana ɗaukar kaya da kansa. Rassansu goma sha ɗaya ne a lokacin. Suka turo jami'ar sayen kayansu, Zulaihat, ta ga aikin Inna, ta yaba. Aka shirya za a riƙa zuba shinkafar a leda mai kilo biyar, da hoton Inna da sunanta a jiki, a ƙasa kuma da lambar da ke nuna inda aka ɗura da ranar da aka ɗura. Kowane wata za su ɗauki leda ɗari huɗu. Kamaluddeen ya kama shago a bakin titi, ya sa injin liƙe leda, ni kuma nake jigila da a-kori-kurata.

Kamfanin ya yi ta haihuwa. Yau ka ji sun buɗe a Jos, gobe Ibadan, kafin shekara uku rassa sun haura arba'in. Wata rana ina shagon Zulaihat ta kira, ya sa wayar a fili don in ji yadda ake ji da shi.

"Malam Kamalu, mun buɗe Inugu, wata mai zuwa Kalaba. Muna neman leda dubu, amma ba lallai duka daga wajenku ba. Nawa hannunku zai ɗauka?"

"Dubun za ku samu."

Da ya kashe na ce, "Kai, matan nan hannu bibbiyu gare su."

"To so kake a kai wa masu turara na Kiru rabin odar, a ce mu mun gaza?"

A nan na kawo dabarar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Ranar kasuwa shinkafa ba ta ƙarewa. Wa zai buɗe leda a Kalaba ya gane ba hannun Inna ba ne?" Ni a sanina, buhu in ya hau mota an rabu ke nan. Haka muka taso muna gani a kasuwa.

Muka riƙa sayen ta kasuwa, wadda ba a tsince ba, muna gauraya ta da ta Inna a shago. Ita tana gida ba ta sani ba. Wata uku muna yi, ina ta yabon kaina.

Ran nan da hantsi Zulaihat ta zo gidan, ba babbar mota, sai leda ɗaya buɗaɗɗiya a hannunta. Ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta ce wata mata a Fatakwal ta tauna tsakuwa ta karya haƙori, ta ɗauki hoton ledar a waya ta watsa wa duniya. A yini ɗaya an kwashe shinkafar daga kowane reshe, kuma lambar ta nuna shagonmu.

Inna ta juye ledar a faifai, ta sheƙa, ta sansana.

"Wannan ba ta shiga tukunyata ba."

Ta fara tsinta tana jera tsakuwa a gefen tabarma. Ta jera har tara. Sai ta ɗaga ledar ta dubi hoton.

"Amma fuskata ce. Kamalu?"

"Inna, oda ce ta yi yawa."

"Ai na tambaye ka," in ji Zulaihat, muryarta a gajiye. "Da ka ce ɗari huɗu, ɗari huɗun za mu ci gaba da ɗauka, mu nemi sauran a Kiru da Bebeji. Haka muke yi ko'ina. Akwai mai zuma a Doguwa, kwalba sittin yake ba mu, shekara huɗu ke nan, ba mu taɓa ce masa ya yi kaɗan ba."

Inna ta ce, "'Yata, in na tsince kowace leda da hannuna fa?"

"Mama, ni na yarda da ke. Amma mai saye hoton yake gani, kuma ya riga ya gan shi a waya."

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, ranar takalmina na yi ta kallo.

Yanzu motar kamfanin a Kiru take lodi. Matan nan shida saura biyu. Kamaluddeen ya sayar da injin, ya koma dakon buhu a wajen masu casa. Inna ta koma kasuwa da kwanonta, kuma mutanen da suka shekara talatin suna saye ido rufe, yanzu sai sun zura hannu sun baza a tafi suna dubawa. Faifai ma take miƙa musu. In na zo wucewa ta kira ni, "Mudi, ka ci abinci kuwa?" Da zagina take yi da na fi samun sauƙi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mutum ya san iyakar abin da zai iya, ya kuma faɗe shi ba kunya. Cewa "iya nan ƙarfina ya tsaya" ba gazawa ba ce, kuma ba ta korar abokin ciniki na gaskiya. Wanda ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa don kada a raina shi, ƙarshensa sai ya cike giɓin da ha'inci, kuma sau da yawa sunan wani mai gaskiya ne yake lalacewa. Ku kuma masu ba da dabara irina, ku tuna mai shawarar ba ya cikin hoton da ke jikin leda.