Motar Kubat da Kunnen Rago

Akwai wani abokin karatuna a nan Bishkek, babban birninmu, sunansa Meder. Tare muka gama jami'a bara. Shi injiniyanci ya karanta, kuma tun muna aji biyu ba shi da zance sai na mota. In tsautsayi ya zaunar da kai kusa da shi a bas, kafin ka sauka ka san yadda inji ke shan mai.

Meder na auren Tolkunai, 'yar autar gidan Toktosun ata, dattijon da kowa ke kira Ata, wato baba. Ku da kuka yi aure kun san matsayin mijin 'ya a gidan surukai. Shi ne mai hura wuta, shi ne mai zuba wa baƙi ruwan wanke hannu, wurin zamansa bakin ƙofa, kuma kowa ya tashi tsokana a kansa zai sauke. Meder bai taɓa ƙorafi ba. Amma abin na cinsa, musamman in ya fito daga bakin Kubat, babban wan matarsa, mai shagon tayoyi a kasuwa.

To, sai Kubat ya sayi mota. Tsohuwar Japan ce mai turbo, sitiyarinta a dama, amma jikinta tas. Bai yi wata guda da ita ba ya sa wani ya ƙara wa turbo ɗin ƙarfi.

Bari in yi muku bayani kaɗan, don abin yana burge ni. Turbo iska take cusa wa inji. In iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru, in ba haka ba wutar da ke ci a cikin injin ta yi zafin da zai narka ƙarfe. Ƙwaƙwalwar motar ta asali kuwa ba ta san an yi ƙari ba. Shi ya sa ake sayen wani ɗan akwati, bai wuce tafin hannu ba, a haɗa shi da wayoyin inji, ya riƙa cewa a ƙaro mai nan, a rage can. Haɗawar ba wuya. Saitin ne aiki.

Kubat ya ajiye akwatin a gaban Meder, ya ce, "Ango, an ce kai injiniya ne. Ko takardar ta rataye a bango ce kawai?"

Meder ya ce, "Zan iya, baike." Baike shi ne yaya a wajenmu, don ba a kiran babba da sunansa tsirara.

"Kafin Asabar nake so. Ranar za mu tsallaka dutse zuwa ƙauye, sadakar cikar shekarar kaka. So nake 'yan'uwa su ji kukanta tun daga gada."

Meder ya ɗauki aikin kamar jarrabawar ƙarshe. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya liƙe, ya naɗe, ya jona kwamfutarsa, suka yi ta zagaye titunan gari yana gyara saiti. Mota ta canza murya. In Kubat ya taka totur, sai bayanka ya manne da kujera.

Ranar Juma'a bayan masallaci suka fita gwajin ƙarshe, hanyar da ta nufi duwatsu. Kubat ne ke tuƙi, ya ƙure kiɗa, yana buga sitiyari da tafin hannu. Suna cikin wani dogon hawa ya taka har ƙasa.

A nan Meder ya ji wata 'yar ƙara daga gaba, kamar an jefa tsakuwa cikin gwangwani. Ƙas-ƙas. A fuskar kwamfuta kuma layin da ke nuna haɗin iska da mai ya zabura ɓangaren da ke cewa mai ya yi kaɗan. Kafin ya ƙifta ido layin ya dawo, ƙarar ta ɓace.

Ya juya ga Kubat.

"Baike, ko za mu sake hawan nan? A kashe kiɗan."

"A sake me? Ba ka ga yadda take tashi ba? An yanka rago a gida, Ata na jira. Kai dai ka iya aiki, shi ke nan, kada ka ɓata rawarka da tsoro."

Kalmar nan, "ka iya aiki", tun da ya shigo gidan ba a taɓa ce wa Meder ita ba. Sai ya rufe kwamfuta.

Da yamma gida ya cika. An shimfiɗa abinci daga wannan bango zuwa wancan, don sabuwar mota da kuma tafiyar gobe. Meder na zuba ruwan hannu yana lissafi a ransa. Ƙarar nan sau ɗaya ce, mota kuma babu kaya. Gobe fa? Ata da Apa, mahaifiyar matarsa, da Tolkunai, ga buhunan fulawa, ga nama, ga hawan dutsen Too-Ashuu da ba ya ƙarewa. A ƙarshen hawan kuma ramin nan da aka huda cikin dutse, matsattse, cike da hayaƙin tireloli, babu inda za ka raɓe. Inji ya mutu a ciki da tsofaffi biyu?

Tolkunai ta raɓo kusa da shi tana miƙa shayi. "Me ya same ka? Fuskarka ta yi fari."

"Ba komai."

"Ka zuba wa kawu ruwa a kan takalmi, ka ce ba komai?"

Aka kawo kan rago gaban Toktosun ata. Kafin tsohon ya gama rabo, Kubat ya miƙa hannu ya ɗauki kunne, rabon yara, wanda ake ba su don su riƙa jin magana. Ya ɗora wa Meder a faranti.

"Ci, ango. Yau ka ji magana, ka ƙara da wannan."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Meder ya yi murmushi, ya tauna, guringuntsin ya ƙi wucewa.

Kubat kuwa sai labari yake. Ya ce motarsa za ta wuce ta kowa a kan dutse, ya ce akwatin nan aikin mijin ƙanwarsa ne, a daina raina yaron. Kowa ya juyo yana gyaɗa wa Meder kai. Abin da ya daɗe yana jira ke nan, ga shi ya zo masa a ranar da ba zai iya haɗiye shi ba.

Sai Ata ya ɗaga tafukansa. Kowa ya ɗaga. Ya yi addu'ar hanya, ya roƙa wa mota albarka, ya roƙi a je lafiya a dawo lafiya. Aka shafa.

Kun sani, na sani: in dattijo ya shafa addu'ar tafiya, an rufe magana. Ba ɗan gida ba ma, balle mai zama bakin ƙofa.

Meder ya miƙe. 

"Ata, ku yafe mini. Aikin da na yi a motar nan bai gama ba."



Kubat ya ce, "Me ka ce?"

"Na ji wata ƙara yau a kan hawa, kamar tsakuwa a gwangwani. Mai na yi mata kaɗan in an matsa mata, ban gano dalili ba tukuna. Ko a bar ni in cire akwatin in mayar da turbo yadda yake, ko a ba ni lokaci. Amma a haka ina tsoron dutsen nan."

"Yanzu na gama yabonka a gaban mutane!" Kubat ya buga cinya. "Ni nake tuƙi, ban ji komai ba. Kai ne mai kunnen jemage?"

Wata gwaggo ta ce ƙasa-ƙasa, amma yadda kowa zai ji, "An shafa addu'a yana kira mana masifa. Yaran jami'a!"

Tolkunai ta sunkuyar da kai. Meder ya ji kamar ƙasa ta buɗe, amma bai zauna ba.

Toktosun ata ya daɗe yana goge wuƙarsa. Sannan ya ce, "Addu'ar da aka shafa ba a kwance ta, gobe za mu tafi. Motar Kubat ce, ba zan ce a cire masa abin da ya saya ba. Amma yaron nan ba zai bi bas da tukwane kamar yadda aka shirya ba. Gaba zai zauna da na'urarsa, ni zan koma baya. Inda ya ce a tsaya, a tsaya."

Kubat ya ce, "Ata, kujerarka fa?"

"Na gama magana."

Da safe suka kama hanya, bayan mota ya zauna don nauyi. Kubat bai gaisa da Meder ba. Kiɗa ma bai kunna ba, don fushi, kuma wannan fushin ya yi rana.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya layin kwamfuta ya kwanta lafiya lau. Kubat ya riƙa satar kallonsa.

"Injiniya, gwangwaninka bai yi magana ba?"

"Tukuna, baike."

Meder ya fara tunanin ko dai shi ya ƙirƙiri ƙarar. In suka isa lafiya, ya kunyata kansa da matarsa a banza, kuma za a yi ta maimaita labarin a kowane biki har ya tsufa. In kuma gaskiyarsa ce, ga Tolkunai nan a bayansa. Bai ma san wanne zai roƙa ba. 

Hawa ya fara. Kwana bayan kwana, kunnuwa na toshewa, rami a gefe ɗaya. Layin ya soma rawa kaɗan-kaɗan. Can sama suka tarar da tirela tana jan ciki, tana tofa musu baƙin hayaƙi. Bakin ramin dutsen na gaba, kuma wanda ya shiga bayan tirela a bayanta zai fito.

Kubat ya leƙa, ya sauke giya, ya fita gefe, ya taka.

Mota ta yi kuka. Layin ya tashi, wannan karon bai dawo ba.

Ƙas-ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas.

"Baike, ɗaga ƙafa."

"Saura kaɗan in wuce ta!"

"Baike, don Allah."

"Yi mini shiru!"

Ƙarar ta yawaita kamar ana girgiza gwangwanin. Meder bai san lokacin da muryarsa ta fita ba.

"Kubat! Ɗaga ƙafarka!"

Sunansa tsirara, a gaban iyayensa. Apa ta dafe baki. Wuyan Kubat ya yi ja.

Daga baya Ata ya ce, a hankali, "Ni ma na ji tsakuwar. Koma hannunka."

Kubat ya ɗaga ƙafa, ya koma bayan tirela. Suka raɓe a wani fili dab da bakin ramin, inda mata ke sayar da cuku da nonon goɗiya. Da aka buɗe gaban mota zafi ya bugi fuskokinsu, duk da sanyin dutse.

Meder ya jira injin ya huce, ya kwance fulogi ɗaya. Bakinsa ya yi fari fat kamar toka, da wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Ya miƙa wa Kubat.

"Wannan ƙyallin ƙarfen cikin inji ne, ya fara narkewa. Zargina famfon mai ne ya tsufa. Akwatin na roƙon mai, famfon ba ya iya kawowa in hawa ya yi tsawo. Ya kamata in duba shi tun farko, ban duba ba."

Kubat ya juya fulogin a hannu, ya dubi bakin ramin, baƙi ƙirin, hayaƙi na fitowa daga cikinsa. 

Meder ya mayar da turbo saitinsa na asali, ya cire akwatin ya sa a aljihu. Suka shiga ramin a hankali, bayan wata motar tumaki. Fitilu dishi-dishi, ruwa na ɗiga daga sama, gilasai a rufe amma wari na shigowa. Babu wanda ya yi tari. Meder ya kasa kunne ga injin har haske ya bayyana, sannan ya lura Tolkunai ta riƙe masa bayan riga tun shigarsu.

Sun isa ƙauye a makare. An gama karatun Alƙur'ani, manyan baƙi sun ci sun tashi. Babu wanda ya ji kukan mota daga gada. Gwaggonni suka yi ta mita, Ata ya bi dattijai yana ba da haƙurin rashin zuwa kan lokaci a sadakar mahaifiyarsa. Meder na gefe yana hura wuta, yana jin duk shi ya jawo.

Da baƙi suka watse, 'yan gida suka zauna nasu cin. Aka ajiye kan rago gaban Toktosun ata. Ya yanki kunne. Yara suka miƙo hannu. Hannun tsohon ya wuce su duka, ya sauka a farantin Kubat, mai shekara arba'in da furfura a gemu.

Babu wanda ya yi dariya.

Sannan ya ciro ido, wanda ake raba wa mutumin da kake son ka ci gaba da gani. Ya raba biyu, ya ci rabi, ya ce a miƙa rabin can bakin ƙofa.

Kubat ya daɗe yana kallon farantinsa. Ya ɗauki kunnen ya tauna, kowa na jin ƙarar guringuntsi. Da ya haɗiye, ya gusa gefe, ya buga shimfiɗar da ke kusa da shi.

"Injiniya, matso nan, ƙofar nan da sanyi. Famfon man da kake faɗa, a wace kasuwa ake samun mai kyau?"

Darasi: In ka san aikinka bai gama ba, ka faɗa, ko da an riga an tafa maka, ko da wurin zamanka bakin ƙofa ne. Kunyar da za ka ji a ɗaki ba ta kai abin da shirunka zai jawo a hanya ba. Kai kuma babba, in na ƙasa da kai ya ce ya ji wata ƙara, rage kiɗa ka saurara. Ku tura wa abokanku masu son gudu, da duk wani ango da ke zuba ruwan hannu a gidan surukai.