Fuskar Kukan da Mansur Ya Yi wa Dariya

Akwai wani saurayi mai suna Mansur da ke gyaran waya a unguwar Bracodi, cikin Adjamé. Ƙanwarsa Yasmin ce ke zaune da mahaifinsu a unguwar Treichville, bayan babban masallaci.

Yasmin yarinya ce mai barkwanci. Duk abin da ya ba ta dariya, fuskar nan mai kwararar hawaye take turawa. In Baba ya yi faɗa da talabijin ana ƙwallo, sai ta rubuto wa yayanta: "Baba 😭😭". Shi kuma ya mayar mata da dariya.

Wata ranar Laraba, Baba ya tashi alwalar la'asar, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Yasmin ta ɗauko waya, kalmomi suka ɓace mata. Abin da ta iya rubutawa ke nan: "Baba 😭😭😭".

Mansur na tsakiyar masu jiran gyara. Ya leƙa, ya yi murmushi, ya tura mata "😂😂", ya jefa wayar cikin aljihun tebur.

Ta kira, ta sake kira. Hayaniyar kasuwa ta haɗiye ƙarar.

Maƙwabta ne suka sa Baba a tasi. A hanya ya buɗe ido da ƙyar.

"Ina Mansur?"

"Yana tafe, Baba," in ji ta, tana kallon fuskokin dariyar a wayarta.

Sai gab da magariba Mansur ya ga kiran, ya kira ta.

"Yaya, Baba na asibiti. Kai yake ta nema."

Ya bar shago a buɗe, ya tari mota. A kan gadar da ake bi zuwa Treichville cunkoso ya tsayar da su cak. Ya sauka ya dinga gudu tsakanin motoci, yana salati.

Ya isa an riga an rufe Baba da zane.

"Ya kira sunanka har muryarsa ta ɗauke," Yasmin ta ce. "Kai kuma dariya ka turo mini."

"Wallahi na zaci wasa ne, Yasmin. Kullum haka kike turowa."

"Na sani, Yaya. Na sani."

Suka zauna a kan benci, ba mai iya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ba kuma mai iya yafe wa kansa.

Darasi: Emoji hoto ne, ba magana ba, kowa da yadda yake karanta shi. In abu ya yi tsanani, faɗe shi da kalmomi. In saƙo ya zo maka a dunƙule, kira ka tambaya kafin ka yi dariya. Ku tura wa 'yan'uwanku su ma su karanta.