Baƙon da Ya Kasa Haye Kogin Ɗansa

Assalamu alaikum, mabiya wannan shafi. Kafin in fara, ina neman afuwa a kan rubutuna. Ban samu karatu da ƙuruciya ba, sai da furfura ta fara leƙowa na zauna a aji, saboda haka hannuna bai faɗa ba har yanzu. Na yi iyakar ƙoƙarina wajen jera kalmomin yadda za su karantu. Ga labarin.

Akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda ciwon baya ya sauke daga kan sitiyari bayan ya ƙarar da ƙarfinsa a kan titi. Yana da ɗa na ƙarshe da kowa ke kira Auta, ɗalibi a wata kwalejin kimiyya.

Auta da abokan karatunsa biyu suna gina wasan kwamfuta, aikin da malaminsu ya ba su. Wasan wata ƙaramar duniya ce a cikin na'ura: tsibiri mai gidaje da kasuwa, inda mutum zai shiga ta waya, a ba shi ɗan mutum-mutumi, ya yi yawo da shi, ya yi magana da sauran waɗanda suka shigo.

Baba dai bai ga wata duniya ba. Abin da yake gani kullum shi ne ƙeyar ɗansa. Yaron da a da yake rugowa ya karɓi jakarsa tun daga bakin ƙofa, yanzu ya koma amsa gaisuwa da ka, kunnuwansa a toshe, idonsa a kan kwamfuta.

Wata rana Baba ya kawo masa waya, ya ce ya nuna masa inda ake sauraron saƙon murya. Auta ya karɓa, ya danna, ya miƙo masa ba tare da ya ɗago ba.

"Baba, jiya ma fa na nuna maka."

Baba ya karɓi wayarsa ya fita. Bai saurari saƙon ba. Da suka zauna cin abinci ya yanke hukunci a gaban uwar yaron: idan wannan zangon karatu ya ƙare, Auta zai bar kwalejin, ya koma gareji wajen wani amininsa makanike.

"Karatun da ke busar da zuciyar yaro ba na son sa," in ji shi. "A gareji aƙalla zai riƙa kallon fuskar mutane."

Auta bai yi musu ba. Idonsa ne kawai ya kaɗa ya yi ja, ya ajiye cokali.

Labari ya kai kunnen babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Ita kaɗai ke iya tanka masa. Da ya je gidanta bayan la'asar, ta shimfiɗa masa darduma, ta sa masa filo a baya, sannan ta ce:

"Baba, ka taɓa shiga wurin nan da Auta ke ginawa?"

"In shiga in yi me? Ni yaro ne?"

"Ni dai na san ba ka taɓa cewa mota ta lalace ba sai ka hau ka ji kukan injinta."

Baba ya harare ta. Amma ya miƙa hannu.

A makon nan ɗaliban sun buɗe wasan domin gwaji, kowa yana iya shiga. Uwata ta sa masa a wayarta. Duk sabon shiga, wasan yana rubuta masa suna ɗaya a saman kai: Baƙo. Ta kashe masa wurin magana, ta bar masa na ji.

"Za ka ji su, ba za su ji ka ba. Wannan na tafiya ne, wannan na tsalle."

Baba ya ga ɗan mutum-mutuminsa tsaye a bakin wani kogi. A ƙetare ga tsibirin, gidaje farare da bishiyoyi. Babu gada, sai duwatsu a jere a cikin ruwa, waɗanda dole mutum ya bi su da tsalle.

"Wannan ne kawai?" Ya yi tsaki. "Ni da na haye gadoji da tirela."

Ya danna. Ɗan mutum-mutumin ya yi gaba da ƙarfin hali, ya zarce cikin ruwa.

Wasan ya dawo da shi bakin kogi. Ya sake dannawa, ya sake faɗawa. Babban yatsansa, wanda sitiyari ya mayar kamar itace, yana danne wuri biyu a lokaci guda. Idan yana son ya karkata dama, sai ya karkata da jikinsa gaba ɗaya har filo ya zame. Uwata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Birki fa? Ina birkin abin nan?"

"Babu birki, Baba. Ɗaga yatsa kawai za ka yi."

"Wane irin mahaukaci ne zai ƙera abu babu birki?"

A nan ne muryoyi suka fito daga wayar. Mutum-mutumi uku sun taru a ƙetaren kogin suna kallonsa. Uwata ta raɗa masa ko su wane ne: mai jar riga shugaban ƙungiyar ne, wanda suke kira Farfesa saboda tabarau da yawan bayani, mai koriya wata ɗaliba ce, Mai Zane, wadda ta zana gidajen, mai shuɗiya kuwa Auta ne.

Farfesa yana dariya har da tari. "Jama'a, ku zo ku ga kifi! Tun ɗazu nake ɗaukarsa a bidiyo. Wallahi idan na haɗa faɗuwar nan na sa mata kiɗa na ɗora a shafinmu, gobe mutane za su cika tsibirin nan."

"Kai, Farfesa, ba ka da kirki," in ji Mai Zane, ita ma da guntuwar dariya a bakinta.

"Kirki? Ke ba ki san intanet ba ne? Dariya ce ke jawo mutane. Malam ya ce zai duba yawan waɗanda suka shigo. Kuma wa muka cuta? Babu sunansa, babu fuskarsa. Babu wanda zai san shi ne."

Ran Baba ya ɓaci. Ya ɗaga wayar zai miƙa wa 'yarsa, sai ya ji muryar Auta.

"Shi ai ya san shi ne."

"Me ka ce?"

"Na ce shi ya san shi ne. Kuma yana jinmu yanzu haka. Farfesa, wannan abin da kake gani yana faɗawa ruwa zane ne, amma akwai mutum zaune a wani ɗaki riƙe da waya. Mu muka ce a zo a gwada mana. Ya bar aikinsa ya zo, sai mu mayar da shi abin dariya?"

"Haka ake yi a ko'ina, malam. Wanda bai iya ba ya koma gefe."

Mai Zane ta daina dariya. "Gaskiya ni ma akwai wasan da na bari saboda haka. Ranar farko suka taru a kaina, ban sake komawa ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunya, alhali babu wanda ya san ni a cikinsu."

"To kin gani," in ji Auta. "A wasan wasu ba mu da iko. Wannan namu ne, yadda muka fara shi haka masu zuwa za su ɗauka. Farfesa, ni na gina kogin nan da duwatsunsa. Idan ka ɗora bidiyon, zan kwashe kayana, ka je ka yi wa malam bayanin tsibirin da babu ruwa."

Farfesa ya yi gunaguni, ya ce ana hana shi tallata aiki, ya ja mutum-mutuminsa ya tafi kasuwa.

Mai shuɗiyar riga ya tsallako duwatsun, ya zo ya tsaya kusa da Baƙo.

"Malam Baƙo, sannu da zuwa. Ka yi haƙuri da abokina, bakinsa ne kawai. Idan kana jina, danna tsalle sau ɗaya."

Baba ya dubi 'yarsa. Ya danna.

"Madalla! To, kada ka yi sauri. Matso bakin dutsen, ka ɗaga yatsa, ka huta. Sannan tsalle."

Baba ya faɗa ruwa.

"Ba komai. Ka kusa. Mu sake."

Ya sake faɗawa.

"Wannan ba laifinka ba ne, mu muka sa tazara da yawa. Mu sake."

Haka suka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Magana ɗaya Auta yake maimaitawa, kuma ko sau ɗaya muryarsa ba ta canza ba. Da aka kira magariba Baba yana kan dutse na tsakiya, bai haye ba. Auta ya ce masa ya dawo gobe, zai same shi.

Baba ya ajiye wayar a hankali. Uwata ta ga ya juya fuska wajen bango yana gyara hularsa, wadda babu abin da ya same ta.

Ya koma gida. Ya wuce ta ƙofar ɗakin Auta, ya ga ƙeyar nan da ya saba gani, ya ɗan tsaya yana kallonta fiye da kullum.

Washegari tun kafin Uwata ta cire takalmin aiki ya iso. Da suka shiga, sai ya ga kogin ya canza. Duwatsun sun ƙara faɗi, sun matso kusa da juna, an kuma ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mutane da dama suna hayewa.

"Ka lalata wasa, ka mayar da shi na tsofaffi," Farfesa yake cewa.

"Tsofaffin ne suka cika maka kasuwa," in ji Mai Zane. "Duba mana. Ashe da yawa a bakin kogi suke juyawa su tafi, mu muna nan muna jiran su."

Farfesa ya dubi masu hayewa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To, igiyar ba laifi."

"Ga mutumina!" in ji Auta, wanda ya gane shi ta tafiyarsa a karkace. "Malam Baƙo, yau sai tsibiri."

Baba ya gyara zama, ya yi bisimilla. Dutse na farko. Na biyu. Ya ɗaga yatsa, ya huta. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya wuce na tsakiya, ya wuce na gaba, ya yi tsalle na ƙarshe, ƙafar mutum-mutumin ta sauka a kan yashi.

Murna ta sa ya damƙe wayar da hannu biyu, yatsansa ya sauka a kan wurin magana bai sani ba.

"Allahu Akbar! Uwata, na haye! Wallahi na haye!"



"Baba?" Muryar Auta ta fito siririya. "Baba, kai ne?"

Uwata ta kwanta a kan kujera tana dariya har da hawaye. Baba ya rasa yadda ake kashe abin, saboda haka ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ne. Kifin jiya."

"Innalillahi!" Farfesa ya ruɗe. "Baba, don Allah ka yafe mini. Yanzu zan goge bidiyon. Wallahi ban san kai ne ba."

"Na yafe maka, ɗana. Amma da ba ni ba ne fa? Da uban wani ne?"

Farfesa ya goge bidiyon nan take.

Ba a jima ba Auta ya iso gidan yayarsa yana haki. Ya durƙusa a gefen darduma, kansa a ƙasa.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, da ɗana zan gani. Ni kuwa so nake in ga wanda kake zama idan ka juya mini ƙeya." Ya ɗora hannu a kafaɗarsa. "Na gan shi, kuma na gode wa Allah. Maganar gareji na janye. Ka ci gaba da karatunka."

Auta ya ɗago.

"Sai dai ina da ƙara guda. Kishin Baƙon nan nake yi. Ka yi ta koya masa abu ɗaya tun la'asar har magariba ba ka gaji ba. Ni kuwa a gida..."

Bai ƙarasa ba. Auta ya kifa fuska a kan gwiwar mahaifinsa, ya ce, "Na tuba, Baba." Suka jima a haka, har Uwata ta daina dariya ta shiga kicin tana share ido.

Can Baba ya ɗauki wayar ya ƙura mata ido.

"To, yanzu da na haye, ina ake zuwa?"

Auta ya goge fuska, ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta mahaifinsa. "Kasuwa, Baba. Amma sai an hau tsani."

"Tsani kuma? Yana da igiya?"

"Babu."

"Uwata!" Baba ya ɗaga murya. "Ƙaro filo, zama bai ƙare ba."

Darasi: A bayan kowane suna da kake gani a waya akwai mutum mai rai, uban wani ko 'yar wani, kuma rashin ganin fuskarsa bai halatta maka cin mutuncinsa ba. Haƙurin da kake yi da baƙi a waje, na gida sun fi cancantarsa. Mu iyaye kuma, kafin mu yanke hukunci a kan abin da 'ya'yanmu ke yi, mu daure mu shiga mu gani da idonmu. Ku tura wannan labari ga ɗa ko uban da kuke ganin yana bukatarsa.

Inda kuka ga na yi kuskuren harafi ko na kalma, ina roƙonku ku gyara mini a ƙasa, zan karɓa da hannu biyu. Allah ya saka da alheri.