Wayar da Sabi'u Ya Zare

Akwai wani mutum a Tanut mai suna Sabi'u, shugaban shirye-shirye a wani ƙaramin gidan rediyon jama'a. Ya iya aikinsa, amma ba ya ƙaunar a yabi wani a gabansa.

Kwamfuta uku ce a gidan: ta ɗakin watsa shiri, ta Sabi'u, da ta Rissa, mai gabatar da shirin makiyaya da Buzanci da Fulatanci.

Da damina tsawa ta ƙone akwatin da ke haɗa su. Maimakon a zauna jiran sabo daga Damagaram, sai Fa'iza, mai gyaran na'urorin gidan, ta ƙara wa kowace kwamfuta ramin waya na biyu, ta haɗa kowace da sauran biyun kai tsaye. Suka zama kamar duwatsun murhu.

"In waya ɗaya ta tsinke, saƙo zai zagaya ta kwamfuta ta uku ya isa," in ji ta. "Sai dai kada a kashe kowace ana cikin aiki."

Bayan kaka, direktan gidan ya yabi Rissa a taro, har ya yanko lokaci daga shirin Sabi'u ya ƙara masa. Sabi'u ya fito zuciyarsa tana tafasa.

"Ni za a rage wa lokaci saboda wanda na koya wa riƙon makirufo? To, a zuba mu gani!"

Washegari bayan azahar ya faki ido, ya zura hannu bayan tebur, ya zare wayar da ta taso daga kwamfutar Rissa zuwa ɗakin watsa shiri. Ya koma ya zauna yana jiran ya ji shiru.

Sai ga gaisuwar makiyaya tana fita tar a rediyo. Nan ya tuna maganar Fa'iza. Ashe aikin Rissa ta tasa kwamfutar ya zagayo yake bi! Takaici ya ƙara turnuƙe shi. Ya kashe kwamfutarsa, ya kulle ofis, ya tafi shan shayi.

Fitarsa ba da jimawa ba aka kira Rissa daga yankin Tenhya. Gobarar daji ta tashi, iska tana kora ta wajen rugage. Nan take ya naɗi gargaɗi da harsunan biyu, ya faɗi rijiyar da za a kora dabbobi, da hanyar da wuta ta tare. Ya tura shi ɗakin watsa shiri ta kwamfuta, ya leƙa ya ce wa Aminatu mai watsa shiri ta yi ta maimaita shi, ya haye babur ya bi masu kashe wuta.

Saƙon bai iso ba. Kwamfutar Rissa a rufe da lambar sirri, wayarsa ta hannu ba ta shiga don ba rezo a daji, Sabi'u kuma ya ƙi ɗaukar kiran Aminatu. Aminatu ta yi ta faɗa da Hausa cewa wuta ta tashi, amma ba ta san inda za ta ce a nufa ba.

Da safe Sabi'u ya tarar da kowa tsaye a tsakar gida. Hannayen Rissa duka a naɗe da bandeji. Kusa da shi ga wani tsoho Bafillace, Dado, rigarsa tana ƙaurin hayaƙi.

Fa'iza ta ɗaga wayar. "Malam Sabi'u, wannan ba ɓera ya ci ta ba. Hannu ne ya zare ta."

"To sai me? Waya ta taɓa zarewa..."

"Rufe mana baki!" Rissa ya daka masa tsawa. "Waya ta zare, saƙona ya biyo ta wurinka. Kai kaɗai ne hanyar da ta rage, ka kashe! In ni kake ƙi, ga ni, ka mare ni. Me mutanen daji suka yi maka?"

"Ban san abin da ke ciki ba," in ji Sabi'u. Muryarsa ta faɗi ƙasa.

Dado ya matso ya ƙare masa kallo.

"Ɗana, rediyonku na liƙa a kunne, ina jiran a ce mini gabas ko yamma. Da na gaji na kora shanuna gabas, na kai maruƙana bakin wuta da hannuna. Uwayensu suna can suna kuka tun jiya. Zo ka gaya musu ba ka sani ba."

Direkta ya miƙo hannu. Sabi'u ya ciro makullin ofis ya ba shi. Ya bi ta tsakaninsu ya fita, babu wanda ya matsa masa hanya.

Darasi: Hassada ba ta tsayawa kan wanda ka nufa da ita, sai ta ƙone wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. In Allah ya sa alherin wani zai bi ta hannunka, kada fushi ya sa ka toshe hanya. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, ko wani zai danne zuciyarsa tun kafin ya yi ɓarna.